Inshora Bayan Hatsari

Masu yi mini barka a ƙarƙashin rubutun da ya wuce, na ga saƙonninku, na gode, Allah ya bar zumunci. Wata ma cewa ta yi in ɗora hoton lasisin ku sa masa albarka. To, lasisi ya fito, yana cikin jakata yanzu haka, da hotona a jiki na zaro ido kamar wadda aka kama da hannu a tukunya. Amma ku ɗan riƙe barkar taku tukuna, don ban san ko zai ga ƙarshen wata a hannuna ba. Kuma ba wasu bare ne suke neman raba ni da shi ba, 'yan gidanmu ne da mutumin da nake shirin aura.

Ga waɗanda yau suka fara bina, Auta ake kirana, har mai shagon bakin layinmu bai san ni da wani suna ba. Mu biyu ne wurin Umma da Abba, ni da Yaya. Da na gama makaranta na zauna a gida har kujerar falo ta lotsa daidai inda nake zama. Ina cikin wannan zaman kashe wando na ci karo da tallar wani kamfanin inshora, wai suna neman waɗanda za su horar kan sayar da inshorar mota, su zauna jarrabawar hukuma, wanda ya ci a ba shi lasisi ya zama wakilin kamfani. In ba ka da lasisin nan, ko keke ba ka isa ka rubuta wa inshora ba. Gaskiya na shiga ne don in huta da wanke-wanke, amma kafin in ankara abin ya shiga raina. Zaman farko na faɗi warwas, Yaya ya samu abin yi, ko ruwa zai aike ni sai ya ce, "Manaja, a taimaka." Na haɗiye, na koma na sake buɗe littafi.

Matar da ta horar da mu mun sa mata Uwar Doka, a bayan idonta mana, wa ya isa ya faɗa a gabanta. 'Yar gajeriya ce mai tabarau a kan karan hanci, ofishinta kuma ɗan ƙarami, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa da tsohuwar kwamfuta da sai an lallaɓa ta take tashi. Abu guda ta fi nanata mana har muka haddace: inshora ta abin da bai faru ba ce. Kafin ka rubuta wa mota inshora sai ka taka ka je ka gan ta da idonka, ka zagaya ta, ka duba lambar da aka buga a jikin ƙarfenta, ka ɗauke ta hoto gaba da baya da gefe. Daga lokacin nan ne kamfani yake ɗaukar nauyinta, duk abin da ya same ta kafin nan na mai ita ne. Wanda kuwa ya rubuta wa motar da ta riga ta yi hatsari, ya nuna wai lafiyarta ƙalau, shi da lasisi har abada, kuma ba a nan maganar take tsayawa ba, sai an dangana da kotu.

A bakin ofishin nan na haɗu da Mai Motoci. Haka kowa yake kiransa, don yana da filin sayar da motoci a bakin babban titi, irin mai tutoci ƙanana da ake jerawa a igiya. Ba zan yi muku ƙarya don raina ya ɓaci yau ba, mutumin ya iya tsayuwa, ya iya sa kaya, ya iya magana a hankali yadda sai ki matso ki ji. Na so shi. Har yanzu da nake rubutun nan in na ce na daina na yi ƙarya, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Shi kaɗai ne bai taɓa yi wa karatuna dariya ba. In ya zo gidanmu sai ya karɓi littafin ya riƙa yi mini tambayoyi, in na ci ya ce, "Wakiliya ke nan," in na kuskure ya ce mu sake. Ni kuwa sai wani narkewa nake, ina cewa Allah ya kawo mini wanda ya san darajar mace mai neman na kanta.

A gida kuwa kada ku tambaya. Kofunan gilashin da Umma ta kulle a kabad tun ina firamare, ko Abba bai taɓa shan ruwa a ciki ba, su ake fito wa Mai Motoci da su. Abba da ba ya rage ƙarar rediyo ko liman ne ya shigo, da ya ji tsayuwar motarsa zai kashe ta ɗif. Yaya kuma ya zama jelarsa, kullum yana filin motocin, yana jingina da motar da ba tasa ba yana ɗaukar hoto. Manya sun riga sun gana, magana ta zauna, ana jiran in gama da jarrabawa ne kawai a tsayar da lokaci.

Ranar zamana na biyu Mai Motoci ya ce wakiliyarsa ba za ta je jarrabawa a bas ba. Ya aiko da wata baƙar mota mai sheƙi daga cikin na filin, ya ce Yaya ya kai ni ya jira ni. Yaya ya sauke ni a bakin ƙofa yana wani karkata hula, ya ce zai ɗan zaga ya dawo. Na fito, na tsaya a rana har tafin ƙafata ya fara zafi ta cikin takalmi, wayarsa a kashe. Na hau bas na dawo. Na tarar da shi kwance a ɗaki da bandeji a hannu, wai santsin banɗaki ne ya kwashe shi, motar kuma ya mayar. Ban kawo komai a raina ba, kaina yana can kan tambayoyin da nake tsoron na ɓata.

Daga ranar gidanmu ya canza mini. Umma ta daina tashina wanke-wanke, wai in huta, ƙwaƙwalwa ta sha aiki. Abba da bai taɓa tambayar me nake karantawa ba, kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Auta, sakamako bai fito ba?" Da ya fito na ci, sai tambayar ta koma, "Lasisin fa, yaushe za a bayar?" Yaya ya daina ce mini Manaja, har shayi ya haɗa mini wata safiya da hannunsa mai lafiya. Ni sakarya sai na ɗauka yau dai an san da ni a gidan nan. Har kuka na yi a ɗaki don daɗi, ku ji fa.

Shekaranjiya na karɓo lasisin. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai maɓallai a hannu, wadda nake ajiyewa don manyan ranaku, da farin mayafi da takalmin da yake cizona amma yana da kyau a ido. Na dawo gida ina jin kamar in tsayar da kowa a hanya in nuna masa. Umma ta karɓa ta goge shi da bakin mayafinta ta juya gaba ta juya baya, ta sa mini albarka, sannan ta ce in je falo Abba yana son ganina. Tun daga labule na san akwai magana. Talabijin a kashe, rediyo a kashe, Yaya kuma zaune a ƙasa kan darduma ya sunkuyar da kai. Yaya da ko baƙi aka yi sai an harare shi yake sauka daga kujera.

Abba ne ya yi bayani, a hankali, yana kallon yatsun ƙafarsa. Ashe ranar jarrabawata da Yaya ya ce zai zaga, abokansa ya kwasa suka hau sabon titi gwada gudu. Ya kwashi katangar wani shago, gaban motar ya shige ciki gaba ɗaya. Allah ya taƙaita ba a taɓa kowa ba. Lasisin tuƙinsa ya daɗe da mutuwa bai sabunta ba, don haka da ya fito sai ya ari na kare. Mai Motoci ne ya je ya lallashi mai shagon, ya sa aka ja motar aka ɓoye a bayan filinsa kafin 'yan sanda su ji. Kuma motar ba tasa ba ce, ta wani ce da ya kawo a sayar masa ya yi tafiya, yana dawowa kuwa zai nemi ko motarsa ko bayani. Motar ba ta da inshora.

Na ce innalillahi, na kalli Yaya, na ce to yanzu ya za a yi. Sai Abba ya ɗago yana murmushi, irin na wanda ya zo wurin daɗin labari.

"Ai yaron nan, Mai Motoci, ɗan albarka ne. Ko sau ɗaya bai ɗaga mana murya ba. Cewa ya yi mu kwantar da hankali, tunda ga ki. Ki rubuta wa motar inshora, a ɗan jira kwana biyu, sai a ce yanzu abin ya faru. Kamfani ya gyara, kowa ya huta."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Abba, motar da ta riga ta fashe?"

"To da wacce za a yi wa? Mai lafiya me za ta yi da inshora? Ke kin taɓa ganin wanda ya je kemis sayen magani alhali ba abin da yake damunsa?"

Wallahi da gaskiyarsa yake faɗa. A ransa haka abin yake, inshora wani kanti ne da ake zuwa in ɓarna ta auku, kuma Allah ya sa 'yarsa ce yanzu take riƙe da mabuɗin kantin. Na gyara zama na fara yi masa bayani yadda Uwar Doka ta yi mana, cewa mutane da yawa ne suke zubawa tun motocinsu suna lafiya don a ɗauki nauyin wanda tsautsayi ya faɗa wa, cewa abin da suke so in yi sunansa zamba, cewa akwai masu bincike da aikinsu ke nan, su kalli tsatsa a jikin ƙarfe su faɗi tun yaushe ya lanƙwashe. Na ce za a karɓe lasisin, kuma ni za a kama, ba Yaya ba, ba Mai Motoci ba, don sunana ne a jiki.

Umma da take tsaye a bakin ƙofa ta ce wai kamfanin na ubana ne da nake kare shi haka. Ta ce su waɗannan masu dogayen benaye me gyaran mota ɗaya zai rage musu. Ta ce tun ina ciki take wahala da ni, yau rana ɗaya an nemi in rufa wa ɗan'uwana asiri na tsaya ina karanto musu littafi. Daga nan ta sauko kan inda ta san zai fi yi mini ciwo.

"Mutumin nan ya rufa mana asiri, Auta. Ki watsa masa ƙasa a ido ki ga in zai sake tako gidan nan. Wa kike da shi bayan shi?"

Na miƙe zan fita. Sannan Yaya ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Dannawa ɗaya ce fa a waya." Na tsaya na kalle shi. Wata da watanni ina karatu yana yi mini dariya, yau karatun nawa ya zama dannawa ɗaya. Abin da ya zo bakina ba na faɗa a gaban Abba ba ne. Na shige ɗaki na cire takalmin na yi jifa da shi bayan ƙofa.

Ban jima da zama ba waya ta yi ƙara. Mai Motoci ne.

"Barka da lasisi, Wakiliyata. Na ce miki za ki iya."

Na rubuta, "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Kina jarrabawa zan ɗaga miki hankali? Haba."

"Jarrabawa ta wuce tun yaushe."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sai ga saƙon murya. Muryar nan tasa mai sanyi, da ƙarar titi a bayanta. Wai in daina sa abin a raina, shi ya daɗe a harkar mota, ya san yadda ake komai, ba abin da zai taɓa ni yana raye. Wai ai ni da shi yanzu abu ɗaya ne. In zo filin gobe in ga motar da idona, tunda dokar aikina ta ce sai na gani, har da 'yar dariyarsa. Ya rufe da hoton zuciya ja. Na saurari saƙon ya fi a ƙirga, ina neman inda zai ce in ban so ba a bar maganar. Babu wurin.

Jiya da safe ba wanda ya amsa gaisuwata da kyau. Kwanukan da aka ɗauke mini kwanakin baya na tarar an tara mini su a bakin famfo, har da tukunyar da ta kwana. Na wanke, na shirya, na wuce ofis, don sababbin wakilai za a buɗe wa manhajar aiki a waya. Da aka gama kowa ya watse na tsaya ina jujjuya jaka a gaban teburin Uwar Doka. Na ce mata wai wata ƙawata ce take tambaya, in an ce mota ta ɗan bugu kaɗan kafin a rubuta, amma 'yan'uwa ne, ya ake yi. Ta sauke tabaran ta kalle ni har sai da na ji kunya ta rufe ni.

"Ki gaya wa ƙawar taki," in ji ta, "na daɗe a kujerar nan. Ban taɓa ganin wakilin da baƙo ya kashe wa lasisi ba. Baƙo tsoron tambaya yake. Daga gida ake zuwa da ita, kuma a makon farko."

Ta mayar da tabaranta ta ci gaba da lallaɓa kwamfutarta. Na ɗauki jakata na juya. Sai da na kai ƙofa ta ce in ƙawar tawa ta rasa wurin zama ta yi kuka, ofis a buɗe yake har yamma. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba na fito.

A bas na tsara abin da zan faɗa wa Mai Motoci. Zan ce ina son sa, zan ce na gode da abin da ya yi wa Yaya, zan ce a nemi wata hanya, ko Yaya ya je ya tsaya gaban mai motar ya faɗi gaskiya, ko ya yi masa aiki a filin har Allah ya yanke. A raina na ce mutumin da ya zauna yana yi mini tambayoyin littafi ya san abin da lasisin nan yake nufi a wurina. Su Umma ne ba su gane ba, shi zai gane. Har na ji tausayinsa, na ce wataƙila shi ma rasa mafita ya yi.

Na same shi a ɗan ofishinsa na gilashi, cikin farar riga da aka yi wa guga har tana ɗaukar ido, agogo a hannu, ƙamshin turarensa ya cika wurin. Ya miƙe ya ja mini kujera, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ya ce in nuna masa lasisin. Ya riƙe shi da hannu biyu ya daɗe yana kallo, ya fi kallon lambar da ke ƙasa a kan hotona. Na fara jawabin da na tsara, ban kai rabi ba ya ɗaga hannu yana murmushi ya ce in bari mu je in gani tukuna, ai ba a yanke hukunci a zaune.

Muka ratsa ta tsakanin motocin sayarwa, ya buɗe wata ƙofar kwano a ƙarshen filin da ban taɓa lura da ita ba. Muna shiga na ga baƙar mota tsaye tana sheƙi, an wanke ta har tayoyin an shafa musu mai. Ita ce sak wadda Yaya ya kai ni jarrabawa a ciki, har lambar. Na ce, "Au, an gyara ta?" Zuciyata har ta yi sanyi.

Ya yi dariya ya ce a'a, 'yar'uwarta ce, kamfani ɗaya, launi ɗaya, shekara ɗaya. Lambar waccan ce ya sa aka ciro aka ɗaura wa wannan. Ya nuna mini gefe da haɓa. Can jikin katanga ga ta ainihin, an yafa mata tamfol bai gama rufe ta ba. Murfin injin ya naɗe, fitila ɗaya ta zazzago tana lilo a jikin waya, gilashin gaba ya yi raga-raga daidai inda kan Yaya zai kasance. Sai a lokacin na san da ƙyar ɗan'uwana ya sha.

Shi kuwa bayani yake yi mini, kamar shi ne ya yi horon. Ya ce ya san manhajar kamfaninmu ba ta karɓar tsohon hoto, dole a ɗauka nan take, kuma kana dannawa ya tafi wurinsu da lokaci da wuri, ba a gogewa, ba a dawo da shi. Shi ya sa ya tanadi wannan. In ɗauki gaba da baya da gefe, lambar ƙarfe kuma in rubuta ta waccan da hannu in ce wurin ya yi duhu hoto bai fito ba, sababbin wakilai ana ɗaga musu ƙafa a kan wannan. Na ce a ina ya san duk wannan. Ya ce harka ce.

Sai a sannan idona ya saba da inuwar wurin, na ga tamfol ɗin ba ɗaya ba ne. Jere suke a bin katanga har ƙarshe. Wata ƙofarta ta lotsa, wata bayanta ya shige, wata ciyawa har ta fito ta ƙarƙashin tayarta. Babu wadda take da lamba a jiki.

Na ce, "Waɗannan fa? Su ma Yaya ne?"

Bai ji haushi ba. Ya matso kusa har ina jin numfashinsa, ya sassauta murya yadda yake yi in zai faɗa mini magana mai daɗi.

"Waɗannan na gaba ne, a hankali za mu bi su, ba gaggawa. Wanda yake yi mini da, an karɓe lasisinsa bara, bai iya taka-tsantsan ba. Ke kuwa kina da hankali, kuma ta gida ce. Da wannan za mu fara, tunda ta Yayanki ce."

Ku da kuke karantawa, ban san me kuke tsammani na ji ba. Ba kuka ne ya zo mini ba. Tsayawa na yi ina kallon farar rigar nan da ko ɗigon baƙin mai babu, a tsakiyar wannan juji. Na tambaye shi in na ce a'a fa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ba ya tilasta wa mace, amma mai motar yana hanya, in ya tambaya dole ya faɗa masa wanda ya tuƙa da kuma yadda ya gudu, daga nan abin ya fita daga hannunsa. Ya faɗa da taushi ƙwarai, har da cewa Allah ya kiyaye.

Wayata ta yi ƙara a hannuna. Umma ce ta turo saƙo: "Kin gama? Allah ya yi miki albarka, na dafa miki abin da kike so."

Ya karɓi jakata ya riƙe mini, wai don in sake. Na buɗe manhajar, karo na farko a rayuwata, sunana ya fito a sama da lambar lasisina a ƙarƙashi. Na shigar da lambar motar yana karanto mini. Ta nemi lambar ƙarfe, ya karanto ta waccan daga tafin hannunsa inda ya rubuta da biro, na shigar. Sannan ta ce in ɗauki hoton gaban mota. Ya ja da baya ya gyara mini wuri, ya ce in ɗan durƙusa hasken ya fi kyau daga ƙasa.

Na ɗaga wayar. Baƙar motar tana sheƙi a cikin gilashin wayar. Na tuna Yaya da bandejinsa, na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, duka a lokaci guda. Sai na juya, na taka zuwa jikin katanga, na fizge tamfol ɗin da hannun hagu, na saita naɗaɗɗen murfin injin da fitilar da take lilo.

"Ba nan ba, Auta," in ji shi. Karo na farko ke nan da ya kira ni da sunan gida.

Na danna. Wani ɗan da'ira ya juya a fuskar wayar, sannan ta rubuta cewa hoto ya isa.

Na juyo na kalle shi. Murmushin bai bar fuskarsa gaba ɗaya ba, ya dai daskare a wurin. Ya ajiye jakata a ƙasa, cikin ƙura da baƙin mai, a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ya ciro wayarsa ya lalubo lamba, ya sa ta a lasifika don in ji da kunnena. Bugu biyu aka ɗauka, na ji an kashe rediyo, sannan muryar Abba ta fito cike da fara'a.

"Ɗan albarka, an kammala ko?"

Mai Motoci ya miƙo mini wayar.

"Ga ta nan, Abba. Ita za ta faɗa maka."